Shekarar Da Na Cire Ciyawar Ƙofar Gida

Da muka tare a gidanmu na kanmu, bayan shekaru muna haya a Abuja, abin da na fara yi shi ne dasa ciyawa a farfajiya. Gidan yana cikin wani rukunin gidaje ne a hanyar Bwari, kuma duk layinmu babu ƙofar da za ka leƙa ba ka ga koriyar ciyawa an aske ta tsaf ba. Ni ma na ce sai na yi. Na je wajen masu sayar da furanni a bakin titi ta wajen Jabi, aka ɗoro ta a bayan a-kori-kura, aka zo aka dasa.

Ban tsaya na tambayi kaina wa zai kula da ita ba. Ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, maigidana kuma injiniya ne, rabin wata ba ya gari. Yara suna makarantar kwana. Ƙarfe shida da rabi na fita don gudun cunkoso, ba na dawowa sai ana kiran magariba. Da damina ciyawar ta tashi har gwiwa, sauro ya samu masauki. Da rani kuwa ana sakin ruwan burtsatsen unguwa ne da hantsi, lokacin ina ofis, don haka sai ranar Asabar nake samun ba ta ruwa. Ranar da ya kamata in huta, sai ka same ni tsaye da tiyo a hannu, ina jiƙa abin da ya riga ya koma launin kara.

Akwai wata tsohuwa 'yar Gbagyi da ke zuwa daga Ushafa duk Asabar, da kayanta a kafaɗa kamar yadda mutanensu ke ɗauka, doya da 'yan tukwanen da take ginawa da hannunta. Ina sayen doya wajenta. Wata rana ta sauke kaya, ta tsaya tana kallona.

"Hajiya, kullum kina ba ciyawa ruwa," in ji ta. "Kina da akuya ne?"

Na ce, "Babu akuya, Mama. Don kyau ne kawai."

Ta dubi farfajiyar daga wannan bango zuwa wancan. "To ina kyaun?"

Na yi dariya har tiyon ya jiƙa mini zane. Na kashe famfo, na kawo mata kujera da ruwan sha. A nan ta gaya mini cewa gonar mahaifinta tana bayan dutsen da muke hangowa daga ƙofa, tun ba a yanka filayen nan ba. Ta ɗebi ƙasa a gindin bango ta murza a tafinta.

"Wannan ƙasa tsakuwa ne da shi. Ba ya riƙe ruwa. Ki sa masa lalle, ki sa zogale, ki sa shuwaka. Aduruku ma reshe kawai za ki soke. Su ba ruwansu da ko kina gida ko ba ki gida."

Na ɗauko biro na rubuta a bayan wani fayil na ofis. Ta ƙara da ciyawar shayi da alobera, sannan ta ce in zo garinsu in zaɓi tuluna, za ta nuna mini amfaninsu.

Da maigida ya dawo na gaya masa zan cire ciyawar gaba ɗaya. Ya ajiye cokali.

"Yanzu gidan da muka sha wuya muka gina za ki mayar gona? Me maƙwabta za su ce?"

Na ce, "Alhaji, in kai za ka riƙa aske ta kana ba ta ruwa, wallahi na bar ta."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abincinsa, wanda a wajensa amincewa ce.

Asabar ta gaba na tuƙa mota zuwa Ushafa. Tsohuwar ta kai ni bayan ɗakinta inda tuluna ke jere. Na miƙa hannu ga masu sheƙi, ta ture hannuna. Waɗanda ba a goge ba take so, masu kaushin jiki. Tana ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa tana saurara. "Mai gumi za ki ɗauka," in ji ta. Dabarar ita ce a binne tulun har wuya a gindin shuka, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓun a hankali, saiwa tana sha, rana ba ta samun abin da za ta ƙafar. Na ɗauki guda takwas.

Leburori biyu suka kwashe ciyawar cikin yini ɗaya. Na sa aka kawo tsakuwa daga Mpape, muka shimfiɗa baƙar leda a ƙasa don kada wani haki ya sake fitowa, aka baza tsakuwar a kai. Lalle ya bi jikin katanga, zogale biyu a kusurwa, sauran kuma kowa da tulunsa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ruwan farko da aka yi, ledar ta riƙe shi, ƙofar falo ta zama tafki. Da kaina na ɗauki rodi na bi ina huda ta. Na kuma yi taurin kai na dasa furen wardi guda huɗu, duk da tsohuwar ta girgiza kai. Kafin rani ya kai tsakiya sun bushe ƙurmus, na tumɓuke su ban sake ba.

Cikin watan Maris, ana tsakiyar zafi, aka tura ni kwas Legas na mako biyu, maigida kuma yana wajen aiki. Na cika tuluna, na kulle gida. Ranar da na dawo, ko jaka ban shigar ba na zagaya. Shuwakar ta ɗan langaɓe, tuluna uku sun ƙafe, amma babu abin da ya mutu. Lallen har ya fitar da sabon ganye.

Bayan 'yan makonni sai ga takarda daga ƙungiyar masu gidaje. Wai an yi ƙorafi cewa gaban gidana ya saɓa da na sauran, ana so in zo taro in yi bayani. Na je. Shugaban, wani dattijo mai son tsari, ya karanta ƙorafin cikin ladabi, ya ce ana son unguwa ta zama bai ɗaya.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, kowane taro muna kukan ruwan burtsatse ba ya isa. Ni bokiti huɗu ke isar farfajiyata a mako. Ban ce kowa ya yi irin nawa ba. Amma ku zo ku gani, in akwai ƙazanta ko abin da ya tare hanya, gobe zan gyara."

Aka ɗan yi surutu. Wata mata ta ce ita dai ciyawarta take so, na ce Allah ya bar mata abarta. Daga ƙarshe shugaban ya ce babu wata doka a rubuce da ta ce dole sai ciyawa, aka wuce zuwa maganar masu gadi.

Muna fitowa wani maƙwabci da ya yi ritaya daga aikin kwastan, wanda ba mu taɓa wuce gaisuwa da shi ba, ya biyo ni har mota.

"Hajiya, don Allah, tulun nan har ina ake binne shi?"

Na ce, "Har wuya, Alhaji. Kuma kada ka manta da murfi, saboda sauro."