Hannu Bai Kai Kunne Ba

Shekarar da rediyo ta cika mana kunne da zancen ilimi kyauta, motocin siminti suka yi ta shigowa Daura, aka tayar da azuzuwa masu rufin kwano a bayan unguwarmu. Mai unguwa ya sa aka yi shela a kai yara. Ba a tambayar shekarun haihuwa, don ba wanda ya riƙe. Yaro zai ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. In ya kai, ya isa shiga aji. In bai kai ba, sai baɗi.

Ni baɗin nan nake tsoro. Surukata, wadda muke kira Inna, ta riga ta yanke: in makaranta ba ta ɗauki yarinyata bana ba, farantin ƙuli-ƙuli za ta ɗora mata. Na kuwa san wadda ta fara talla ba ta komawa aji. Ni ma daga aji biyu aka cire ni don tallan fura, abin da ya rage mini sai 'yan haruffan da nake ganewa a jikin gwangwanin madara.

'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle a ga ina rawar jiki a kanta. Ga ta ƙanƙanuwa, tun da ƙyanda ta kwantar da ita ba ta murmure sosai ba. Sai in faki idon mutanen gida, in ja ta madafi in ce ta gwada. Yatsanta na tsakiya yana taɓa saman kunnen, da ƙyar.

Ana gobe za a je, Inna ta ce jikarta ba za ta shiga cikin 'ya'yan mutane kamar marainiya ba. Ta kira makitsiya aka yi mata kitson doka, irin wanda ake cusa tsumma a ciki ya tashi a tsakiyar kai kamar zankon zakara. Duk gidan muka yaba, har da ni.

Washegari maigidana ya tafi kasuwar Mai'adua da awaki, ya bar sallahu in raka Inna saboda ciwon gwiwarta. Na daɗe rabona da fita da rana. Muka tarar da layi a gindin darbejiya, iyaye maza tsaitsaye a gefe. Malamin da ke gwajin saurayi ne, da wando mai faɗin ƙafa, ya tara gashi kamar an kifa masa kwando. Ina kallo ya mayar da wani yaro da ya fi tawa tsayi.

Aka zo kan yarinyata. Ta ɗaga hannu, ta miƙe har da ɗage, yatsun suka tsaya can sama da kunnen.

"Sai baɗi, Iya," in ji malamin.

"Kai ɗan nan," in ji Inna, "da wannan dajin da ke kanka, kai naka hannun ya kai?"

Maza suka kwashe da dariya. Inna ta juyo ta ce, "To, mu tafi. Dama farantina na jira."

Ban san sanda na durƙusa ba. Damtsen yarinyar na gani a kan dokar, tudun kitson ya tokare shi. Na jawo ta tsakanin gwiwoyina na fara tsifa da farce.

"Ke! 'Yar farin taki? A gaban maza?" Inna ta daka mini tsawa. Wata a bayana ta ce, "Yau ga 'yar zamani."

Kunya ta rufe ni, amma ban ɗago ba. Kitson sabo ne, ya kama tamau, yarinya na kuka, layi na ƙarewa. Wata mata da ban sani ba ta zaro tsinken tsifa daga ɗankwalinta, ta tsuguna ta kama ɗaya ɓangaren. Muka zare tsumman, na danne gashin da tafina.

"Ai na riga na gwada ta," in ji malamin.

Na dubi Inna. Ta daɗe tana hararata, sannan ta buga sandarta a ƙasa.

"Tunda an ɓata mini kitso, wallahi ba a banza ba. Sake gwadawa!"

Yarinyar ta ɗora hannu, tana shessheƙa. Yatsa ya taɓa kunne.

"Wuce aji," in ji shi.

Ta shiga da gashi a barbaje, ko waiwayo ba ta yi ba. A hanyar gida Inna na gaba tana ɗingishi, ina biye, ina ta juya abin da maigidan zai ji a bakin mutane tun kafin ya iso. Sai da muka shiga zaure ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Gobe ki tashe ta da wuri. An ce mai makara bulala yake sha."