Tagar da Kaka Ta Fasa

Maƙwabcina yana gyaran katangarsa a makon nan, warin ɗanyen siminti yana biyo ni har ɗaki. Ku in kun ji shi sai ku ce ai gini ake yi. Ni kuwa dafe ƙirji nake yi, don ni da siminti mun san juna tun ina 'yar ƙanƙanuwa a gidanmu na Yakasai, lokacin yaƙin basasa.

Gidan ƙasa ne irin na da, soro da azara. Kowane ɗaki yana da 'yan tagogi can sama dab da rufi, waɗanda ba su wuce a zura hannu ba, wata tana kallon lungu, wata tsakar gida. Ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya kula da su.

Kakata, mahaifiyar Baba, 'yar asalin Barno ce, ko da yake a birni aka haife ta. Sana'arta turaren wuta. Ita ke soya itacen da sukari da turaruka a kasko, ta zuba a kwalabe, mata su zo saye tun daga Mandawari. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, to ka nemi wuri ka zauna. Ni “ƙawata” take ce mini, kullum muna cikin faɗan wasa a kan ƙanzon tuwo.

A shekarar da ƙanin Baba ya shiga soja, tsoro ya cika gari. Aka riƙa cewa jirgin abokan gaba yana bin hasken fitila, har mai unguwa ya aiko a rage haske in duhu ya yi. Baba mutum ne mai tattalin iyali, kuma kasuwa ta yi masa kyau a lokacin. Ya kira magina suka shafe ɗakin Mama da siminti ciki da waje, aka dafe ƙasa, aka yi koren fenti mai sheƙi, sannan aka toshe tagogin nan ruf don kada haske ya fita. Kai, ɗaki ya yi kyau! Matan maƙwabta har sallama suke yi don su leƙa. Da aka zo kan ɗakin Kaka sai ta ce nata ba ya ciwo, a bar mata abinta.

Damina na sauka bango ya fara gumi. Ƙasar da ke cikinsa ta sha ruwa, siminti ya hana ta bushewa. Bayan jeren kwanukan Mama fumfuna ta fito baƙa ƙirin, a goge yau, jibi ta dawo. Warin fenti ya haɗu da na danshi da na kananzir ɗin fitila, ba su da hanyar fita. Ni ce na fara tari. Daga tari sai ƙirjina ya koma yin fito, in ja numfashi kamar ta cikin tsinke, in zauna in dafe gwiwa ina zare ido. Na ji tsoro ƙwarai, don yaro ma ya san in iska ta ƙi shiga.

To, a gidan Barebari me aka sani in ƙirji ya kama? Hayaƙi. Kaka da hannunta ta riƙa kawo kasko da garwashi, ta barbaɗa habbatus sauda da mafi tsadar turarenta, a ja ƙofa, a sauke labule, a ce in shaƙa sosai. Da ƙauna aka yi, Allah shaida. Amma kullum aka yi sai na ƙara galabaita, su kuma su ce ciwon ne yake fita, a ƙara garwashi.

Da marka ta zauna, gawayin gidan duk ya jiƙe, ba a samu na kunnawa ba. A kwanakin ne Mama ta haihu, aka mayar da ni ɗakin Kaka don a rage cinkoso. Ba hayaƙi, ba siminti. Sai ga ni ina cin abinci, har na fita wasan 'yar carafke. Bayan suna aka mayar da ni ɗakinmu, fito ya dawo sabo.

Kaka ta ga wannan bambanci. Wata rana da hantsi ta sa aka fitar da mu duka, ta kunna kasko a ɗakin Mama, ta zauna a ƙasa tana kallon hayaƙin. Ya tashi, ya bugi rufi, ya sauko ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta ɗauki kaskon ta kai nata ɗakin. Nan kuwa hayaƙi ya miƙe ya bi taga ya yi tafiyarsa. Ina bakin ƙofa na ga ta sa gefen mayafi ta goge ido, kuma ba hayaƙin ne ya sa ta ba.

Da Baba ya dawo daga kasuwa ya durƙusa gaishe ta, sai ta ce, “Gobe ka sa a buɗe tagogin ɗakin can. Yarinyar nan iska take nema.”

Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri. Kin ji abin da ake faɗi a gari. In haske ya fita aka jefo mana wani abu, unguwa za ta ce mu ne sila. A bari yaƙi ya lafa.”

“Jirgin ban gan shi ba. Wannan kuwa ina ganinta.”

Ya sunkuyar da kai ya sake ba ta haƙuri, ya tashi. Kada ku ga laifinsa. Ƙaninsa yana bakin daga, ba a ji ɗuriyarsa ba, duk ƙarar da ta wuce a sama sai ya ɗaga kai ya duba.

Washegari yana fita, Kaka ta jawo turmi ta kifa a gindin bangon ɗakin Mama, ta ɗaure ɗamara, ta hau da taɓarya a hannu. Mama tana cewa, “Inna, don girman Allah ki sauko, za ki faɗi!” Ko waiwayowa ba ta yi ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana dukan siminti, tana hutawa, tana ƙarawa, koren fenti yana zubo mata a ka. Kafin azahar haske ya ɓullo ta ramin, wata iska mai sanyi ta biyo shi. Baba ya dawo ya gani, sai ya sa magini ya liƙe. Kaka ta bari maginin ya tafi, tun simintin yana ɗanye ta sa muciya ta ƙwaƙule. Aka sake liƙewa, ta sake ƙwaƙulewa. Maginin da kansa ya ce shi ya gaji, a nemi wani.

Ita ce kuma ta kawo mafita. Ta sa aka sayo indararon ƙasa, irin wanda ke zubar da ruwan soro, ta ce a dasa shi cikin ramin a karkace, bakinsa na waje yana kallon ƙasa. Iska ta shiga ta fita, haske kuwa bai kai sama ba. Baba ya tsaya a lungu bayan magariba ya duba, ya shigo ya ce a yi wa ɗaya tagar ma haka. Daga baya ya sa aka kankare simintin waje don bango ya sha iska.

Na samu sauƙi, amma ƙirjin ya riga ya ji jiki. Ko a tsakar gida Kaka ta ɗora kaskon suyar turare, sai fito ya taso mini. Ta lura. Ranar nan ta tattara kwalabenta da kaskonta da sauran itacen, ta aika wa wata ƙanwarta a Gwammaja. Masu saye suka yi ta zarya, tana ce musu ta daina. Wata ta ce, “Haba Hajiya, Babarbariya ba turare?” Ta ce, “Ƙawata ba ta so.” Har ta koma ga Allah ba ta sake sa garwashi a ɗakinta ba, don a nan na koma kwana.

Yau ku dubi gidajen da muke ginawa, har cikin ganuwa. Gilashi a rufe, silin a rufe, a fesa maganin sauro a kunna turare a ja ƙofa, janareta yana hayaƙi a gindin taga, sannan a yi ta mamakin yara da tari. Ni in na shiga irin ɗakin nan ba na jin kunyar kowa, buɗe taga nake yi kafin in zauna. Jikokina suna ce mini masifaffiya, ban damu ba.

Wani lokaci a gidan biki wata tsohuwa takan riƙe hannuna ta ce, “Ke ce jikar mai turare? Allah Ya jiƙanta, in ta wuce ta lungu sai a daɗe ana jin ƙamshinta.” Sai in ce amin. Na yi iya ƙoƙarina in tuno ƙamshin nan, ya ƙi zuwa. Ni da na girma a jikinta, warin sabulun salo kawai na sani.