Takardata a Ƙunshin Tsire

Jama'a, yau na ci tsire a kan takardar da na yi wata huɗu ina jira!

Tun da jam'iyyu suka yi yawa, wasiƙu sun cika mana biro, wato ofishinmu, nan garin Tawa. Na gaji, na ce wa plantonmu, ɗan aike Baba Idi: "Duk ambulan mai launi na 'yan siyasa ne, jefa kwalin shara." Ashe mai tsire yake kwashe wa!

Ɗazu na kwance ƙunshin nama, sai ga sunana cikin yaji. Takardar mayar da aikina gida Affala ce!

Na ce, "Baba, mi ya sa?"

Ya ce, "Maigida, cikin ambulan mai launin tsanwa ta zo. Kai ka kafa doka."

Ranar kama aiki kuwa, shekaranjiya ce!