Ɗorin Ƙafar Bar-su

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta yin tatsuniya kyauta. In sanyi ya shigo, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta jawo kaskon wuta tsakiyar ɗakinta, ta kakkarya karan dawa a ciki, ta dire mana kwandon gyaɗa. Wanda hannunsa bai ɓare gyaɗa ba, kunnensa ba zai ji labari ba. Mu shida ne jikokinta a gidan, kuma ni aka sa wa sunanta, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara. Wannan suna ya sa na ɗauki kaina wata tsiya. Ni ke zama jikin gwiwarta, ni ke iza wuta, in ta tsallake wani wuri a labari ni ke gyara mata. Takan ce bakina ya riga hankalina zuwa duniya. A lokacin dariya abin yake ba ni.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dubi ƙofa kamar ta ji sallama, ta ce, "Ga wata nan tafe, ta gaji. Wa zai ba ta wuri?" Mu kuwa mu haɗa baki, "Ta shigo, akwai tabarma!"

Ƙauyenmu yana arewa da Dawanau, inda gona ke manne da gona, katanga ke jingine da katanga. In ka yi tari a tsakar gidanku, maƙwabci zai ce maka sannu. Ba a ɓoye komai a irin wannan wuri, balle karya mai kuka.

Ina shekara tara Iya ta kawo ta. Karyar wani maharbi ce, Tanko, wanda ya rasu bayan an gama girbi. 'Ya'yansa suka raba gona, suka raba keke da bindiga, karya kuwa ba wanda ya ce tasa ce. Tana gararamba ta afka wata tsohuwar rijiyar lambu da ta ƙafe, ƙafarta ta baya ta karye. Kwana biyu masu lambu na jin kukanta suna cewa Allah sarki. Iya ce ta tsaya a kansu da masifa, har suka zura kwando da igiyar guga suka jawo ta, aka ɗora ta a mangalar jaki zuwa gidanmu. A bayan rumbunta, kusa da turken awaki, Iya ta yi mata ɗori da kara da tsumma. Ta sa mata suna Bar-su, don duk lokacin da ta ji matan maƙwabta na gulma ta bayan katanga ta samu abin ƙwala wa kira.

Babanmu, Malam Haruna, shi ne ɗan farin Iya, don haka ba ta faɗin sunansa. A shekarar ne aka fara tura shi gaba ya ja salla in liman ba ya gari, kuma yana ji da wannan matsayi. Ya tsaya a bakin rumbu, ya dubi karyar, ya ce, "Iya, kare a gidan nan?"

"Ba ɗakinka na kai ta ba, Malam," in ji Iya. "Ku ne kuka ce ya halatta a ajiye don tsaron dabbobi. Ga awakina huɗu, ƙirga su."

"Ya halatta. Amma kin san mutane."

"Na san su tun ba a haife ka ba."

Baba ya ce, "To, har ƙafar ta warke." Haka kuma ya riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaye shi a masallaci: mara lafiya ce, ranar da ta warke za ta tafi. Kowa a garin ya ji wannan magana daga bakinsa.

A cikin waɗannan kwanaki ne Iya ta fito mana da wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba, ta riƙa maimaita ta kusan kullum. Wai a wani gari, malami ya yi wa'azi ya ce an taɓa gafarta wa wani bawan Allah saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mutanen garin suka ji daɗi ƙwarai, don ba su taɓa jin lada mai sauƙi haka ba. Ana nan sai ga wani kare ya shigo garin, ramamme, ba shi da kowa. Kafin ya kai gindin kuka an tare shi da kasko goma na ruwa. Ya sha, ya gode, ya ce yunwa yake ji. A nan Iya kan maƙale murya ta kwaikwayi matan garin: "Sha ruwa dai, bawan Allah!" Ya matsa ƙofa ta gaba ya ce sanyi yake ji, ko akwai inda zai raɓa? "Sha ruwa dai, bawan Allah!" Mata biyu har da kokawa a kan wadda za ta riga ba shi. Rana na faɗuwa kowa ya ɗauke kaskonsa, ya ja ƙyaure, ya sa sakata. Kwana bakwai ana haka. A na takwas aka tsince shi gindin kuka ya sandare, cikinsa taf da ruwa kamar salka. Garin ya ɗauki kuka, har da masu birgima.

"Tausayinsa suka ji, Iya?" in ji ƙanwata Rabi.

"Ina fa! Kukan inda za su ƙara samun lada suke yi."

Mukan yi dariya har gyaɗa ta zube. Ni kuwa na lura da wani abu: in ta zo wajen "sha ruwa dai", takan ɗaga murya fiye da kima, ta karkata kai wajen bangon da ya raba ɗakinta da na Baba. Wani lokaci mukan ji ya yi gyaran murya. Na ce a raina yaƙi ake yi tsakanin Iya da Baba, kuma ni ina bayan Iya.

Bar-su ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta. Tana da kaskonta daban, ba ta taɓa ƙetare turken awaki ta shigo tsakar gida ba, sai ka ce an karanta mata sharaɗi. Ina sonta sosai. In na kai wa awaki dusa takan ɗora haɓarta a kan ƙafata, in yi ta ba ta labarin makaranta. Sati shida, sati bakwai, ɗori na nan. Wata safiya na zagaya da wuri, sai na tarar Iya ta kwance tsumman, Bar-su tana zagaye rumbu a guje da ƙafa huɗu, tana tsalle tana cafkar iska. Da ta gaji, Iya ta kira ta, ta mayar da kara, ta naɗe tsumma tsaf.

"Iya, ta warke!"

Ta juyo ta kama kunnena, ba da zafi ba. "Takwara, idonki ne ya gani. Bakinki bai gani ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Kwana biyar na riƙe maganar, tana cina kamar ƙaiƙayi. Ran Juma'a bayan la'asar aka aike ni zaure da kwanon fura, Baba yana zaune da dattawa huɗu. Wani Alhaji Mamman, mai son zolaya, ya ce, "Malam, wannan ɗori na gidanka ya fi na mutum daɗewa." Baba ya ce, "Ƙashi ne, Alhaji, sai a hankali." Ba wanda ya tambaye ni. Ba wanda ma ya dube ni. Amma na san abin da manya biyar ba su sani ba, kuma na kasa haƙuri.

"Ai ta warke tuni!" na ce. "Iya ce ke ɗaure ta. Ni na ga tana gudu."

Dariya ta ɓarke a zauren. Alhaji Mamman ya ce, "To Malam, ka ji daga bakin 'yarka." Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi kwanon ya ce in koma ciki.

Washegari aka ɗaure Bar-su a amalanken da ke kai dawa Dawanau, aka sake ta can. Bayan kwana uku ta dawo, tafin ƙafarta duk ya tsage, ta wuce kai tsaye bayan rumbu ta kwanta. Garin ya samu abin magana. A karo na biyu a buhu aka sa ta, aka miƙa wa wani direban motar hatsi mai tafiya nesa, aka ce ya sauke ta inda ya ga dama. Ina jin kukanta a cikin buhun har motar ta sha kwana. Ba mu ƙara ganinta ba.

Da Iya ta dake ni, da ya fi mini sauƙi. Ba ta ce mini uffan ba. Da magariba ta jawo kasko kamar kullum, ta miƙa wa Rabi karan iza wuta, ta yi mana tatsuniyar kura da biri. Ta ci gaba da kirana takwara har ta rasu ina aji biyu a sakandare, amma ta garin masu ruwa ba ta sake yin ta ba, ko da ƙananan sun roƙa. Ni kuma na samu inda zan sauke laifi. Na ce Baba ne mugu, Baba ne mai tsoron bakin mutane. Shekara talatin ina gaishe shi da ladabi, ina riƙe da wannan a ciki.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Ungogo, muna zaune wajen Rijiyar Zaki, a gidan kanmu. Jikin gidan akwai wani kango da mai shi ya tsayar da gini, maigadi ya tafi ya bar karensa. Kullum nakan cika wani tsohon bokitin fenti da ruwa in ajiye a waje. Maƙwabtana biyu ma haka suke yi, har mukan yaba wa juna. Ina da kaji, ina da tumaki biyu, maigidana kuma ya ce maganar karen yadda na ga dama. 'Yata Safiya ta ce, "Mama, mu shigo da shi mana, ya zauna wajen tumaki." Na tuna matan da muke zuwa Islamiyya tare, da yadda za su tsaya a ƙofa suna tattare hijabi. Na ce mata, "Bari mu gani."

Kwanan baya na je ƙauye gaida Baba. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a zauren nan shi kaɗai. Hira ta kawo mu kan Iya, sai na ji abin ya taso mini. Na ce, "Baba, har yau ban manta Bar-su ba. Da ban faɗa ba, da ba ka sani ba, ko?"

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ke a ganinki ban sani ba? Ɗakina fa jikin rumbun yake. Kowace safiya ina jin gudunta." Ya shafa gemu. "Sau biyu ɗorin nan ya kwance Iya ba ta kusa. Ni na mayar da shi da hannuna, na je na wanke."

Ya gyara zama.

"Ni da Iya ba mu taɓa yin maganar ba," ya ce. "Niyyata ɗorin ya kai damina, ya kai wata kaka, har mutane su gaji da tambaya. Da kika faɗa a gaban jama'a, na riga na ba da magana, ba ni da wurin ɓuya."

"Da sai ka ce musu ta zauna kawai, Baba. Ai ya halatta."

"Da na ce," in ji shi. "Ban iya ba."

A mota ina dawowa na yi ta juya abin. Tun ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya da marasa tausayi take. Ashe mutanen garin tatsuniyar duk suna da tausayi, iyakarsa dai bakin ƙofa. A gidanmu mu uku muka so karyar nan, kuma ba wanda ya iya tsayawa a gaban dattawa huɗu ya ce tamu ce, ba inda za ta. Iya da duk masifarta sai da ta ɓuya a bayan tsumma. Baba ya ɓuya a bayan shiru. Ni da na fi kowa baki, na yi amfani da shi sau ɗaya, a inda bai kamata ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yau ba Baba a kaina, ba Alhaji Mamman, ƙofar tawa ce, makullin yana jakata.

Na iso gida gab da magariba. Safiya na tsaye a bakin ƙofa da bokitin fenti a hannu, karen yana kwance can jikin kangon, haƙarƙarinsa a waje, yana kallonmu.

"Mama," ta ce, "kin gama ganin?"

Na karɓi bokitin daga hannunta, na shiga na cika shi da ruwa.