Gimba Mai Keke da Fasinjar La'asar

Duk mai keke napep a Abakpa Nike ta Inugu ya san la'asar ce lokacin cin kasuwa. Amma a daidai lokacin Malam Gimba yake sauke fasinjansa na ƙarshe, ya ɗauki matarsa Haulatu, su nufi unguwar Hausawa ƙofar gidan Hajiya Baiwa. Abokan aiki sun tsokane shi har sun gaji, shi dai sai murmushi.

Gigin tsufa ne ya kama Hajiya Baiwa. A Inugu ta yi aure, ta haifa, ta aurar, amma duk ya goge. Da rana ta karkata sai ta ƙulle kayanta ta ce a kai ta gida Bichi, Innarta na jira. 'Yarta Mansura ce kaɗai ke jinyarta, yayyenta na Fatakwal da Anacha, sai dai waya. In ta kulle ƙofa, tsohuwa ta yi ta bugu tana kiranta muguwa. Barci ya ƙaurace wa Mansura, abinci ya fita ranta, ta daina shiga mutane. Maƙwabta suka fara raɗa cewa 'yar ma ta kusa zarewa.

Ranar da Gimba ya kawo buhun gawayi gidan, ya tarar da Mansura ta saki famfo yana zuba don kada a ji kukanta.

"Kawu, yau na daka mata tsawa," ta ce. "Uwata fa! Wallahi I don tire, na gaji, har tsoron kaina nake."

Bai yi mata wa'azin haƙuri ba, ya ga ta ƙoshi da shi. Sai ya leƙa ɗaki ya ce, "Hajiya, mota ta iso."

Tun daga ranar haka ake yi. Haulatu ta zauna gefen tsohuwa riƙe da hannunta, Gimba ya ja keke a hankali su zaga ta bayan kasuwa. Hajiya ta gaisa da masu sayar da ganye, ta ba da labarin furar Innarta. Kafin su dawo zancen Bichi ya kwanta, tuwo take tambaya. Ranar farko a tabarma suka sami Mansura, barci ya kwashe ta ko mayafi ba ta cire ba.

Malam Gimba, kai ne ka lura cewa gidan nan marasa lafiya biyu ne. Kai ne ka buga wa yayyen waya ka faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana, har suka fara zuwa karɓar Mansura. Kai ka matsa sai da ta je asibiti ta faɗa wa likita abin da ke cin ranta. Namijin duniya, mai sauke nauyin da bai ɗora ba!

Bana idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Da Mansura ta ji, sai ta ɗauka yawon la'asar ya ƙare. Ashe ya riga ya miƙa wa surukinsa keken da sharaɗi guda: la'asar ta Hajiya ce.

Da ta je yi masa godiya, sai ta ce, "Kawu, na dawo ina son uwata."

Mun gode, Malam Gimba, Allah ya saka maka da Haulatu da alheri. Mu kuma, in da mai irin wannan jinya a layinmu, kada mu tsaya a bakin ƙofa muna "ya mai jiki?" Mu shiga mu zauna, mu ce mata ta je ta kwanta.