Graciete da Tulunan Gilashi Tara

Graciete ta yi shekara ashirin da bakwai tana wanke-wanke a gidan abincin Amílcar da ke bakin kogi a garin Régua, inda nake aikin kai wa baƙi abinci. Mijinta mai gyaran gangunan giya ne. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, shi ne ta shigo kicin. Faranti da tukwane kowa na iya taɓawa, amma tulunan gilashi tara da ake juye tsohuwar giyar inabi a ciki kafin a kai tebur, waɗannan nata ne ita kaɗai.

Irin tulun nan gindinsa faffaɗa ne, wuyansa siriri, hannu ba ya shiga, soso ba ya kaiwa. Sabulu kuwa ba ta yarda da shi ba, ta ce ƙamshinsa kan maƙale ya ɓata giya. Da safe takan ɗauraye da ruwan ɗumi, ta zuba ɗanyar shinkafa da gishiri, ta yi ta juyawa har jan tabon da ya kama gindin ya saki. Busarwar ce aiki. In aka kife shi kawai, ɗigon ruwa sai ya bar zane. Don haka takan yanki tsohon ƙyallen tebur, ta murɗa shi, ta zura har ƙasa, ta bar shi ya tsotse danshin zuwa tsakar rana.

Belmiro kuku, mai kiranta Dona, wato uwargida, ba ya rabo da tsokanarta.

"Dona Graciete, ko jikokinki ba kya yi wa irin wannan wanka."

"Jikokina ba sa fashewa. Kai dai duba kifinka, ya fara ƙauri."

Wata Talata, ana tsakiyar tsinkar inabi, tana juya shinkafa sai tulu ya suɓuce mata. Ta tare shi da gwiwa, ya zauna kan cinyarta lafiya lau. Ni kaɗai na gani. Ta daɗe tana kallon yatsunta, waɗanda dama sun fara kumbura a gaɓoɓi, sannan ta ƙarasa wankin ta nufi wurin Amílcar.

"Maigida, ka nemi wata. Da an gama tsinkar inabi zan tafi."

"Wa ya taɓa ki? Belmiro ne ko?"

"Yatsuna ne. Yau tulu ɗaya ya kuɓuce mini."

"Ya fashe?"

"Bai fashe ba."

"To sai me? Haba, Dona Graciete, gilashi ne fa. In ya fashe a sayo wani."

"A sayo ɗin. Amma ba a hannuna zai fashe ba."

Ya ce ta koma ninke ƙyallaye tana zaune, ta ƙi. Ta ƙara sati shida tana nuna wa wata mata 'yar garin Lamego mai suna Idalina yadda ake yi. Idalina ta fasa biyu a watanta na farko, aka sayo wasu.

Graciete ta koma gidan babbar 'yarta a Vila Real, tana kiwon kaji. Sau biyu ta zo Régua ranar kasuwa, ta zauna kusa da taga ta sha miyar kabeji. Belmiro ya fito ya gaishe ta, suka taɓa hira, amma ba ta leƙa kicin ba.