Gaisuwar Kawu

Kundin digirina na uku a kan wani shugaban ƙasarmu na zamanin farko na rubuta shi, tun daga lokacin da yake malamin makaranta har ranar da ya bar mulki. Abin da ke cikin littattafai da tsofaffin jaridu duk na kwashe. Babi ɗaya ya rage, na shekarun koyarwarsa, kuma mutum ɗaya tak na sani a raye da ya zauna a ajinsa: Kawu, yayan mahaifiyata. Daga baya ma ya bi shi yawon neman ƙuri'a ƙauye-ƙauye. Bai taɓa kama sunansa ba, Malam kawai yake cewa.

Na yanki tikitin zuwa gida ke nan sai annoba ta sauka. Jirage suka tsaya. Aka kulle mu a ɗan gidanmu na bene a unguwar Setapak, can Maleshiya, ni da maiɗakina da 'yarmu, ba mai fita sai ni, in je kedai, wato kanti, in sayo shinkafa in dawo. Kullum da yamma a sanar da waɗanda suka rasu, ni kuwa Kawu nake tunawa. Ya haura tamanin.

Da na kira shi ya ce, "Maganar Malam ba ta waya ba ce. Ka zo mu zauna a tabarma." Sai da mahaifiyata ta sa baki sannan ya yarda ya riƙa turo saƙon murya.

Saƙon farko ya zo, na buɗe, sai gaisuwa. Ina gajiya, ya iyali, ya karatu, ya baƙunta, ya ruwa, ya mutanen Maleshiya. Yana gamawa aka kira salla, ya ce sai gobe. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ga malamar da ke duba aikina kullum tana tambaya, "Babin nan, boleh?" wato ko zai yiwu. Ni kuwa dama ba a san ni da haƙuri ba. Na danna waya na ce, "Kawu, don Allah a bar gaisuwar nan, a shiga maganar Malam. Lokaci na ƙurewa."

Maiɗakina ta ajiye ludayi. "Kawu ka faɗa wa haka? Kai, ka yi ta'asa!"

Shiru. Mako ɗaya, mako biyu. In kira, ta yi ta ƙara har ta katse. A mako na uku mahaifiyata ta ce yana kwance, tari da zazzaɓi. Wallahi tsoro biyu nake ji, na rasa Kawu da na rasa babin, kuma ina jin kunyar na biyun. Na tura ban haƙuri, na gaishe shi tun daga kansa har tumakin gidan.

Wata Laraba bayan la'asar, lokacin can gida safiya ce, saƙonsa ya shigo. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma bai tsallake kowa ba: ni, maiɗakina, yarinya, har maƙwabta. Sannan ya ce, "Ka ce in shiga maganar Malam. To ai ita nake yi maka, ɗan nan. Ranar da na je wurinsa yana shugaban ƙasa, manya na jira a waje, sai da ya tambaye ni kowa na gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Har uwarka, lokacin tana da cikinka. Haka ya koya mana tun a aji. Saura sai na ji sauƙi. Ya kuka kwana?"

Nan take na zauna na amsa masa gaisuwar dalla-dalla, ban bar ko ɗaya ba, na tura. Ranar Juma'a da safe Allah Ya yi masa rasuwa.

Babin ya fito ɗan siriri, haka na miƙa shi. Amsar gaisuwar kuwa tana nan a wayata, har yau ba a buɗe ta ba.